Ƙotar da Ta Kwana a Gidanmu

Yau da hantsi jikana ya dawo daga sharar gona da hauya a hannu, ƙotarta ta karye daga gindi, guntun itacen ya maƙale a cikin bakin ƙarfen. Ina zaune a ƙofar zaure ina kallonsa. Ya juya ta, ya sake juyawa, sai ya wurga ta bayan rumbu, wai ranar kasuwar Agiye zai sayo wata, irin wadda masu walda ke liƙa wa bututun ƙarfe. Na ce, "Kai, ɗan nema, ƙarfen ne ya mutu ko itacen?" Ya yi dariya ya ce, "Kaka, wa ke da lokacin cire ƙota yanzu?" Na bar shi. Da rana ta take, don ya wanke laifinsa, ya zo ya raɓa kusa da ni yana nuna mini hotuna a wayarsa, har muka faɗa kan waɗansu Turawa a wani fili mai ciyawa shar, suna dukan wata 'yar farar ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai. Na ce ya tsayar da hoton, na kawo shi daf da idona, ita ce dai, ba wata ba. Ya ce wai golf ake ce wa wasan. Na ce masa mu ba mu san sunan wasa ba, sandar Nasara muke ce mata, kuma na san ta tun ba a haifi ubansa ba. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, irin sandar nan ce ta raba ni da inuwar ubana shekara da shekaru.

Gidanmu gidan sassaƙa ne. A wani ɗan ƙauye muke tsakanin Agiye da Gazawa, kuma ni da ƙarar gizago na buɗe ido. Kafin mata su fara daka, Baba ya riga ya zauna a gindin aduwar ƙofar gida, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya dafe itace da ɗayar, yana ta sara a hankali, ɓawo na tashi yana zuba a cinyarsa. Inna takan aiko a kwashe ɓawon a hura wuta, shi ya sa kunun gidanmu kullum da ƙanshin marke. Aikina tun ina ƙarami shi ne shiga daji neman reshen da Allah ya lanƙwasa da kansa, don Baba ba ya yarda a tilasta wa itace. Yakan ce reshen da bai yi niyyar zama ƙota ba, ko ka yi masa dole, a tsakiyar gona zai ba ka kunya. A lokacin daji daji ne, marke da ƙirya da aduwa sai wanda ka zaɓa. Yanzu fa? Ka yi tafiyar yini ba ka ga marke guda ba, sai sabara da kalgo, su ma mata na bin su da gatari tun ba su kai gwiwa ba.

Sassaƙa ƙota kowa na iya koya in ya sa kai. Abin da ya fitar da sunan Baba shi ne cire ta. Wani ƙarfen wutsiya gare shi, yana shiga cikin itace, wannan ba wuya. Wani kuwa baki gare shi, itace ke shiga cikinsa, kamar hauyar tsaye, kuma in ƙota ta karye ta bar guntu a ciki, mai gona ya shiga uku. Masu gaggawa sukan jefa ƙarfen a murhu itacen ya ƙone, amma ruwan da maƙeri ya ba ƙarfen sai ya fita, bakin ya yi laushi, in ya haɗu da saiwa ya naɗe. Baba yana ƙin wannan kamar me. A gidanmu doka ce, kan ƙarfe ba ya shiga wuta. Shi sai ya fara binne shi a rairayi mai zafi, rana ta tsotse itacen ya ƙanƙance. Sannan ya kife shi ya riƙa bugun kafaɗarsa da gudumar ƙirya, don ba a bugun ƙarfe da ƙarfe. In ya ƙi, ya ɗiga masa man gyaɗa ya ajiye ya yi salla ya dawo. In ya ƙi, ya matse shi tsakanin saiwoyin aduwar nan guda biyu da suka fito waje, ya ɗaura igiyar rama, ya zura sanda ya murɗa. In kuwa guntun ya yi gajarta ba wurin kamawa, sai ya gasa tsinken ƙarfe shi kaɗai, ya huda zuciyar itacen, ya bi ta ciki yana ɓanɓarewa har ya zube. Duk abin da aka kawo da safe, kafin magariba mai shi ya tafi da abinsa. Maroƙan kasuwar Gazawa in sun hango shi sai su ɗaga murya, "Gidan da ƙota ba ta kwana!" Ni kuma ina bayansa da damin ƙotoci a ka, sai in ji kamar ni ake wa.

Baba yana da amini, wani maƙeri Bagobiri da ya taso daga wajen Cadakori ya zauna garinmu. Tun da nake ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba. Maƙerin ya ce, "Ina kwana, bawan itace? Itace ai abincin wutata na." Baba ya ce, "Lafiya lau, baƙin hanci. Ƙarfenka in ba ƙotata, sai dai a ba mata su kankare tukunya." Daga nan su raba goro guda. A kasuwa ma tsamiya ɗaya suke zama, shi da ƙarafansa a hagu, Baba da ƙotocinsa a dama, mai saye ya ɗauki kai nan ya ɗauki ƙafa can. Wurina shi ne tsakaninsu, a kan wata saiwa da zamana ya sa ta yi santsi.

Shekarar da aka ce Nasara sun miƙa mulki, ni saurayi ne sabon aure, jinina na tafasa. Mu a ƙauye ba mu ga wani abu ya sauya ba, gero dai sai an noma, amma ko'ina ka je maganar ke nan, ƙasa ta zama tamu. Sai labari ya zo cewa sabon kumandan mai mulkin yankinmu, baƙar fata irinmu, zai biyo ta garinmu, kuma an aiko wa mai gari tuta sabuwa, mai ruwan goro da fari da kore, a ɗaga masa. Aka shiga neman sandar da ta dace da ita. A nan ne wani Mati, da muke kira Ɗan Kano saboda yawan cin ranin da yake zuwa can, ya fito da abin da ya daɗe yana ɓoyo a ƙarƙashin gado. Ya ce a Kano aikinsa shi ne bin wani Bature da jaka a kafaɗa, Baturen na dukan ƙwallo yana bin ta, yana duka yana bi, kuma da zai koma ƙasarsu ya ba shi ɗaya daga cikin sandunan. Ba wanda ya yarda da zancen babban mutum na bin ƙwallo a rana, amma sandar kam ga ta. Doguwa, siririya, ƙarfe ce tun daga sama har ƙasa, tana walƙiya har ka ga fuskarka a jiki, da fata a naɗe wurin riƙo. A ƙasa kuwa wani kai ne a karkace, kamar ƙafar agwagwa.

Mai gari ya juya ta ya ce sandar ta yi, amma ba za a ɗaga tutar 'yanci da ƙafar Nasara a rataye ba, a cire kan. Kuma kada a sare, kada a ƙona, yana son ta da walƙiyarta. Maƙeri ya karɓa ya ƙwanƙwasa ta a kunne, ya ce shi dai sara ya sani da wuta. Ya kalli Baba yana murmushi, ya ce, "Ga mai gidan da ƙota ba ta kwana. Ko wagga ta fi ƙarfinka, bawan itace?" Baba ya duba wuyan abin, inda sandar ta shiga cikin kan. Baki ne dai irin na hauyar tsaye, ba wani abu ba. Ya ce, "A kai gida." Ni na ɗauko ta, na ratsa gari da ita a kafaɗa, ina ce wa duk wanda na gamu da shi ya zo da la'asar ya sha kallo.

To, sun zo. Baba ya binne kan a rairayi tun hantsi, da la'asar ya tono shi da zafinsa, ya kife, ya sa guduma. Shiru. Ya ƙara, ya ƙara, har gumi ya jiƙa masa riga ya tuɓe ta. Mu duka da muke wurin, ba wanda ya tsaya ya ce ai ƙarfe ba ya bushewa a rana kamar itace. Abin da muka sani ke nan, shi muka yi. Ya ɗiga man gyaɗa, aka yi salla aka dawo, ko motsi. Magariba ta yi, mutane suka watse suna cewa gobe ma rana ce, ni kuwa na shiga gida ban iya haɗa ido da matata ba. Ranar ce ƙota ta fara kwana a gidanmu.

Washegari taron ya fi na jiya. Kwana ya bi kwana, ƙofar gidanmu ta koma dandali. Masu zuwa rijiya su ajiye tulu su tsaya, mata su leƙo ta saman danga, har mai tallan ƙosai ta dawo da kaskonta gefen aduwarmu. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a jiƙa ta a ruwan tsamiya, aka jiƙa. Wani ya ce man kaɗe ya fi na gyaɗa ratsawa, aka shafa. Wata tsohuwa ta ce Nasara da asiri suke haɗa kayansu, a kai wa malam ya tofa, Baba ya yi kamar bai ji ba. Maƙeri kullum yana nan, ya harɗe a tabarma yana cin goro, yana cewa, "Sannu da kokawa. Nasara ya tahi, ya bar maka ƙanenai." Mutane su kwashe da dariya, Baba ma ya yi yaƙe, amma ni na san ba ya cin tuwo sosai.

Ana gobe kumandan zai zo, Baba ya ce a kawo igiya. Muka matse kan tsakanin saiwoyin aduwa, ya naɗe sandar da tsumma don kada ta ƙuje, ya ɗaura igiyar rama sabuwa, ya zura taɓarya. Ya ce in taka saiwar in danne. Ya murɗa, igiya ta yi ƙara, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya sake murɗawa da dukan ƙarfinsa. Sai igiya ta tsinke, tas! Baba ya tafi da baya ya faɗi rigingine, ƙafafu a sama, hularsa ta gangara har gaban mai ƙosai. Wayyo, dariyar nan! Har yau in na rufe ido ina jin ta. Yara na birgima, manya na riƙe ciki, wata mata ta bayan danga har da guɗa. Mutumin da ban taɓa ganin ko tuntuɓe ya yi ba, ga shi a ƙasa, rairayi a gemunsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maƙeri ne ya tashi ya kama hannunsa, ya karkaɗe masa baya, ya ɗauko hular ya sa masa, ni ina tsaye a kan saiwa kaina a sunkuye.

Da safe, ranar zuwan baƙo, Baba ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna, "Kawo garwashi." Inna ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, a gidan nan?" Ya ce, "Kawo." Ta kawo a kasko, ta ajiye, ta juya ba ta ƙara kallo ba. Maƙeri da ya iso ya ga abin da ake ciki, ranar bai yi zagi ba. Ya durƙusa kusa da shi ya yi ƙasa da murya ya ce, "Aboki, kak ka yi. Ba ni in kai maƙera in sare ta daidai wuya, in goge wurin, mu ce tare munka yi." Baba ya ce, "In ka sare, sarewa ce, ba cirewa ba." Ya tura wuyan sandar cikin garwashi da hannunsa. Muna kallo walƙiyar ta dushe, ta koma shuɗiya, ta koma baƙa, baƙin ya hau sama. Ya fizgo ta ya buga, ya murɗa, har tafinsa ya tashi. Ba ta fita ba. Da aka kai wa mai gari ya ga yadda ta koma, ya ce a mayar mana, mu riƙe abinmu. Tutar kuwa a sandar wani Bafillace makiyayi aka ɗaura ta, wanda ya rako matarsa gari sayar da nono. Kumandan ya zo a mota, ya tsaya ɗan jim, ya yi magana rabi Hausa rabi Faransanci, 'yan lakol, wato 'yan makarantar boko, suka yi waƙa, ya wuce. Ko kallon sandar bai yi ba.

Kafin kasuwa ta zagayo, sunan gidanmu ya koma Gidan Ta-kwana. Baba ya ɗaure hannunsa da tsumma, ya ɗora ƙotoci a jaki, ya tafi Gazawa kamar kullum. Na bi shi ranar. Muna shiga, wani abokina Ila, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ƙwala mini kira daga rumfar mahauta, "Ɗan Ta-kwana! An tashi lafiya? Ita fa, ta tashi?" Rumfa ta ɗauka. Maroƙan da ke yi mana kirari suka ga Baba suka yi shiru, kuma shirun nan ya fi mini dariyar ciwo. Na zauna a kan saiwata tsakaninsa da maƙeri, ina jin duk idon kasuwa a ƙeyata. Kasuwa ta gaba na ce cikina na ciwo. Ta gaba da ita na je, amma na bi ta wajen masu awaki, na yini can. Da kaka ta yi aka fara awon gyaɗa, na ce wa Baba zan je Cadawa ɗaukar buhu. Ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana, ba ya kuma doguwar magana da ni. Ya ci gaba da sara ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Tafiyar kaka ɗaya ta zama ta shekaru. Na yi dako, na yi yaron mota, na ga Maradi, na ga Kano da idona, matata na gida wurin Inna, ina zuwa ina komawa. A Cadawa ba wanda ya san Ta-kwana, abin da ya riƙe ni can ke nan, ba wani arziki ba. In na zo gida da rani, sai in tarar da abin da na fi ƙi. Baba ya gama aikin yini, ya jawo sandar nan daga ƙarƙashin rumbu, ya ɗiga mata man gyaɗa a wuya, ya ɗan bubbuga da guduma, ya kara a kunne, ya mayar. A ƙofar gida fa, inda kowa ke wucewa! Na ce wa Inna, "Don Allah ki ce masa ya jefa abin nan a tsohuwar rijiya, ya ishe mu haka." Ta dube ni ta ce, "Ga ka ga shi. Bakinka ciwo yake?" Ban faɗa masa ba, sai dai in na ga ya nufi rumbu in zame in bar gidan.

Gyaɗa ta zo ta mutu, ruwa ya yi ƙaranci, aikin Cadawa ya ƙare, na tattaro na dawo gida da furfura ta fara leƙowa. Mai gari ya rasu, Ɗan Kano ya tafi bai dawo ba, maƙeri ma ya riga mu gidan gaskiya. Idon Baba ya yi rauni, da lalube yake aiki, amma duk ranar kasuwa sai an ɗora shi a jaki an kai shi gindin tsamiya. Ni kuwa, ka ji abin kunya, ƙato da 'ya'ya, in mun isa bakin kasuwa sai in miƙa wa ɗana akalar jakin, in ce ina da magana da masu awaki.

Abin da ya kawo ƙarshen zancen wanki ne. Baba ba ya gani sosai, in ya taɓa sandar nan mai tsohon mai da baƙin wuta, sai ya shafa hannu a rigarsa ta Juma'a. Inna ta gaji. Wata safiyar kasuwa, ƙafa ta hana shi fita, yana kwance a zaure, ta jawo sandar ta miƙa wa matata da ke wanke tukwane, ta ce, "Ungo, dirje mini ƙazantar nan da toka, in ba za a yar ba a bar ni in huta." Matata ta sa toka da rairayi ta yi ta dirza. Can sai ta kira ni da hannu, don ba ta ɗaga murya inda surukinta zai ji. Ta ce, "Dubi nan. Abin nan ido gare shi." Na duba. A gefen wuyan, inda baƙin ya fita, ga wani ɗan zagaye bai fi ƙwayar gero ba, tsatsa ta zana bakinsa. Na juya ɗaya gefen, ga ɗan'uwansa daidai shi. Ƙusa ce aka ratsa ta cikin wuya da sanda gaba ɗaya, aka goge kanta ta saje da jiki, aka bi da walƙiya a kai. Inna ta leƙo ta gani, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Ɗan hakin da ka raina."

Na kai wa Baba a zaure. Na kama yatsansa na ɗora a wurin. Ya shafa, ya juya, ya shafa ɗaya gefen. Sannan ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ashe ba kamawa ta yi ba, ɗaure ta aka yi. Ina baƙin hanci yau?" Ya ce a kawo tsinken ƙarfe da guduma, a fitar da shi gindin aduwa. Na ɗora wuyan a kan saiwa, na saita masa tsinken, ya buga. Ƙusar ta fito ta faɗa cikin rairayi, 'yar mitsitsiya. Ya kama kan da hannu ɗaya, sandar da ɗaya, ya murɗa kaɗan. Man da ya yi shekaru yana ɗigawa ya riga ya gama nasa aikin, sai ta zame ta fito salin alin. Ba kowa a wurin sai ni da Inna da matata daga bakin danga, da akuya tana tuƙa. Baba ya riƙe biyun a cinya, ya ce, "Kai. Yau kasuwa. Je ka faɗa."

Na tafi har da sauri, sandar a wannan hannu, kan a wancan. Na shiga ta babbar ƙofa, abin da na daɗe ban yi ba, na tsaya gindin tsamiya na ɗaga su sama na ce, "Jama'a, ta fita! Sandar Nasara ta fita!" Mutane suka waiwayo suna kallona kamar na zautu. Wani saurayi mai sayar da igiya ya ce, "Baba, wace sanda?" Na ce ta Gidan Ta-kwana mana. Ya ce, "Af, ni na ɗauka Ta-kwana sunan kakanku ne." Na nemi Ila a rumfar mahauta, ya tsufa, haƙora sun zube. Na nuna masa. Ya yi ta tunani kafin ya tuna, sannan ya yi dariya ya ce, "Haba, kai har yanzu kana nan? Wasan kaka ɗaya ne fa. Ni da duk shekara nake kai wa tsoho gatarina? Yau ma ga mutane can sun kawo ƙarafa suna tambaya ko lafiya bai fito ba. Mu dai kai ne muka daina gani." Na waiwaya gindin tsamiya. Ga mutane zaune da hauyoyi masu karyayyar ƙota suna jiransa, ga saiwata tana nan, santsinta ya tafi, tururuwa na bi. Wallahi kunyar ranar igiya wasa ce a kan wadda na ji a tsaye a wurin.

Na dawo da la'asar ina jan ƙafa. Baba na nan inda na bar shi, ƙusar a tafin hannunsa yana juyawa. Ya ji takuna ya ce, "Me suka ce?" Na durƙusa na ce, "Sun ce gidan da ƙota ba ta kwana." Ya yi murmushi ya ce, "Ƙarya kake. Su sun manta tun tuni, ni ma da don ta su ce da na jefa ta rijiya." Ya lalubo hannuna ya sa mini ƙusar a ciki ya rufe. Ya ce, "To, ga ta, ta fita. Kasuwa mai zuwa ka iya zama kusa da ni?"

Na kifa goshina a gwiwarsa, ƙato da ni. Na zauna kusa da shi kasuwar da ta zo, da wadda ta biyo, amma ba su yi yawa ba, kafin damina ta tsaya Allah ya karɓi abinsa. Gizagonsa na nan a ɗakina, gudumar ma tana nan, aduwar ce dai ta faɗi.

Ɗazu da jikana ya tashi, na lallaɓa bayan rumbu na ɗauko hauyar da ya yar, na binne kanta a rairayi inda rana ta fi bugawa. Yanzu inuwa ta fara tsawo, lokacin tonowa ya yi, hannuna kuwa ba ya da ƙarfin da, sai da mai riƙe mini. Na aika a ce masa ya zo ya zauna kusa da ni mu cire ta kafin magariba. Ya ce yana zuwa. Ga guduma, ga man gyaɗa a ɗan kasko, ina nan ƙofar zaure ina jira.